DAGA FARFAJIYAR MAKARANTA: Mu Duba Itace Tun Hadari Bai Haɗu Ba

 

Ga shi bazara ta kama, ɗaki ba ya zaunuwa. Ajin ƙananan yara ya koma gindin mangwaro, zumuntar mata ta fitar da bencuna waje, 'yan waƙa suna bita a ƙarƙashin dogon yaro, mai ƙosai da mai gyaran keke kowa ya kama tasa inuwa. A wannan lokaci ne kuma hadarin fari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Watau lokacin da muka fi taruwa a gindin itatuwa shi ne lokacin da itatuwa suka fi karyewa. Saboda haka zancenmu na wannan wata a kan itace ne, da yadda za mu gane ko inuwa ce a bisa kanmu ko kuwa tarko.

Abin da ya same mu bara

A makarantarmu akwai wani tsohon dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina, a tsakanin azuzuwa da majami'a. Dattawa sun ce mai bishara na fari da ya zauna a garin shi ya dasa shi da hannunsa. A gindinsa akwai dogon benci inda 'yan aji biyu sukan zauna in an tashi tara.

Ran wata Asabar da la'asar aka yi iska, wadda ba ta kai ta ɗauke ko jinkar rumbu ba. Ran Lahadi da safe masu zuwa sujada suka tarar wani reshe mai kaurin cinyar ƙato ya faɗo, ya raba bencin nan biyu. Da ran Litinin ne da hantsi, da yara fiye da goma ne a zaune a wurin.

Muka yi godiya ga Allah ƙwarai. Amma da muka duba inda reshen ya ɓalle, sai jikinmu ya yi sanyi. Cikinsa baƙi ne, ya ruɓe, in ka damƙa sai ya marmashe a hannu. Lafiyayyen itacen da ya rage a kewaye bai fi kaurin yatsa biyu ba. Maigadi ya ce, "Ai Malam, tun bara waccan nake share wani gari-gari da ke zubowa daga can." Wata malama ta ce ta lura ganyen reshen ya ƙanƙance. Mu kanmu muka tuna mun sha ganin tsuntsaye suna shiga wani rami a wurin. Kowa ya ga wani abu, ba wanda ya faɗa, gama kowa yana tsammani ba aikinsa ba ne.

Da dattawan ikkilisiya suka zauna, sai magana ta rabu biyu. Waɗansu iyaye suka ce a kawo injin yanka a share itatuwan farfajiya duka, kowa ya huta. Wani tsoho ya miƙe ya ce, "'Ya'yana, a gindin itacen nan na koyi karatu, a nan na fara jin bishara. Sai dai ku sare shi bayan raina." Masu cewa a sare sun manta da zafin watan Afrilu, mai cewa kada a taɓa kuwa ya manta da bencin. Can sai wani ɗan'uwa da ya yi ritaya daga aikin gandun daji ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Kafin a yanke wa itace hukunci, a duba shi tukuna." Abin da muka koya a wurinsa, da abin da muka ƙara karantawa, shi muka kawo muku.

Kada wani ya ce muna tsorata mutane a banza. Ran Lahadi 19 ga Maris 2017, a Kintampo ta ƙasar Ghana, wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, hadari ya taso, wani babban itace ya faɗo a kan waɗanda suka je kallo. Aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare ta Methodist da ke Wenchi. Ran 15 ga Agusta 2017 kuma, a tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, jama'a sun taru domin bikin addini kusa da majami'a a wani wuri da ake kira Monte, sai wani tsohon itace ya faɗa musu, mutum 13 suka rasu. Ba kullum irin wannan ke faruwa ba, alherin itace kuwa ya fi hatsarinsa nesa ba kusa ba. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Ɗanyen ganye ba shaida ba ne

Abu na fari da ɗan'uwan nan ya koya mana shi ne, ran itace yana kusa da ɓawo. Ta zoben waje ne ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, ta ƙarƙashin ɓawo kuma abinci ke saukowa daga ganye zuwa saiwa. Tsakiyar tsohon itace ba ta wannan aiki, aikinta tokara ne kamar na ginshiƙi. Domin haka ciki yana iya ruɓewa sarai, ganye kuwa yana nan kore shar. Lafiyar ganye dabam, ƙarfin itace dabam.

Wani masanin itatuwa na Amurka, Alex Shigo, wanda ya rasu a 2006, ya tsaga dubban itatuwa a tsaye domin ya ga yadda ruɓa ke tafiya a ciki. Ya nuna cewa itace ba ya warkewa kamar fatar mutum. In aka ji masa rauni, wurin ba ya komawa yadda yake. Sai dai itacen ya yi wa raunin shinge daga ciki don kada ruɓa ta yaɗu, sa'an nan ya ɗora sabon itace a bisa. Itace mai ƙarfi shingensa yakan riƙe. Wanda fari ko wuta ko yawan sara suka raunana, ruɓa takan ƙetare. Watau saran gatarin da aka yi shekara goma da suka wuce yana nan a ciki, ko da ɓawo ya rufe shi.

Tambayoyi uku

Masu wannan aiki sukan yi wa kowane itace tambaya uku:

1. Akwai wani sashe nasa da ke shirin karyewa ko tumɓukewa?
2. In ya faɗi, a kan wa ko a kan me zai faɗa?
3. Yaya nauyinsa, wace irin ɓarna kuma zai yi?

Busasshen itace a tsakiyar daji gidan tsuntsu ne, ba ruwan kowa da shi. In yana ƙofar makaranta kuwa, zancen ya sāke. Saboda haka mu fara da wuraren da mutane suka fi daɗewa: gindin da ake aji, ƙofar majami'a, bakin rijiya ko famfo, rumfunan kasuwa, tashar mota, hanyar da yara ke bi, da bayan ɗakin kwana.

In muna so mu san inda itace zai kai in ya faɗi, sai mu san tsawonsa. Ga dabarar da 'yan aji biyar suka ji daɗinta. A kafa sanda a miƙe cikin rana, a jira har tsawon inuwarta ya yi daidai da tsawonta. A wannan lokaci inuwar itacen ma daidai take da tsawonsa, sai a auna ta da taku daga gindi. Duk abin da ke cikin wannan nisa a kewaye, itacen yana iya kai masa.

Yadda ake zagayen dubawa

Kayan aikin ba su da tsada: idanu, da guntun itace mai nauyi na ƙwanƙwasawa, da siririn ƙarfe, da littafi da fensir. A tafi mutum biyu ko uku, gama abin da ɗaya ya tsallake ɗaya zai gani.

Na fari, a tsaya daga nesa. Itacen a miƙe yake ko ya karkata? Wanda ya girma a karkace yana neman rana, ƙonsa kuma ya sāke miƙewa sama, ya riga ya saba da nauyinsa. Wanda ya karkata kwanan nan shi ne abin tsoro. A dubi kansa kuma. In rassan can bisa sun bushe, ko ganye ya yi ƙanana ya yi rawaya a gefe guda, sau da yawa ciwon yana can ƙasa a saiwa.

Na biyu, a matso gindi, a zaga shi duka, har bayan da ke jikin katanga. A kawar da shara da ciyawa a ga inda itace ya haɗu da ƙasa. Mutane da yawa suna tsammani saiwa duk can ƙasa take nutsewa. Gaskiya waɗansu itatuwa suna da doguwar saiwa mai neman ruwa, amma yawancin saiwoyi suna cikin santimita 60 na bisa, sun bazu har sun wuce iyakar rassa. Su ne igiyoyin da ke riƙe itace in iska ta zo. Ga abin da za a nema:

Ƙasa ta tsage ko ta kumbura a gefe guda, musamman gefen da itacen ya ba baya sa'ad da ya karkata. Wannan alama ce saiwa ta soma ɗagawa. Kada a jira taron kwamiti, a kawar da mutane a ranar.

Naman kaza a gindi, ko wani abu mai tauri kamar kunne ko ɗan faifai a manne a jikin itace. Abin da ake gani a waje 'ya'ya ne kawai, uwar tana ciki tana cin itacen. Ɓalle shi ba ya maganin kome.

Saiwar da aka datse garin haƙa kwata, ko harsashin gini, ko ramin bututu. Itacen da aka yi wa haka yakan yi shekaru yana nan kamar lafiya kafin ya nuna.

Gara. Ba kowace ƙasar gara a jikin ɓawo ce hatsari ba, gama gara ta fi son mataccen itace. A kankare a duba. In a bisa ɓawo kawai take, da sauƙi. In ta sami ƙofa ta shige ciki, akwai mataccen wuri ke nan a can. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, jikin itacen. A nemi tsaga mai zurfi, da wurin da ɓawo ya zube bai sāke rufewa ba, da ƙananan huji masu zubar da gari, da kumburin da ba a saba gani ba. Sa'an nan a ƙwanƙwasa a kewaye, daga ƙasa zuwa inda hannu ya kai. Lafiyayyen itace yakan amsa da gajeriyar murya mai tauri. Mai kogo yakan amsa kamar ganga. Amma a duba tukuna ko akwai zuma a ciki, kada kuma kowa ya zura hannu a rami saboda maciji. Da ƙarfe ake gwada zurfinsa.

Kogo kaɗai bai isa a sare itace ba. Bututun ƙarfe ma ai cikinsa rami ne, ga shi kuwa da ƙarfi. Abin lura shi ne kaurin lafiyayyen bangon da ya rage. Wani masani na Jamus, Claus Mattheck, ya ba da ma'auni a shekarun 1990: in aka auna daga ɓawo zuwa tsakiyar itace, lafiyayyen bango ya kamata ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku. Misali, itacen da faɗinsa santimita 90 ne, daga ɓawo zuwa tsakiya 45 ke nan, bangon kuwa ya kai wajen 15. Waɗansu masana sun ce manyan tsofaffin itatuwa sukan tsaya da bangon da bai kai haka ba, musamman in an rage musu rassa. Mu dai mun ɗauke shi ƙararrawa ce: in bango ya kasa wannan, ko kogon ya buɗe baki babba a gefe, a kira wanda ya san aikin.

Na huɗu, a ɗaga kai. Busasshen reshe ba makawa zai faɗo, rana ce kawai ba a sani ba. Haka kuma wanda ya karye ya rataye a kan 'yan'uwansa. A dubi inda itace ya rabu biyu. In marabar tana da faɗi kamar harafin U, haɗin yana da ƙarfi. In ta matse kamar V, ɓawo kuma ya naɗe ya shige tsakani, rassan biyu jingine kawai suke da juna, suna girma suna turin juna har ran da za su tsage. A nemi kauci kuma. Tsuntsaye ne ke kawo irinsa, yana shan ruwan reshe har ƙarshen reshen ya mutu. A lura da dogon reshe mai nauyi da ya miƙe a kwance can nesa da uwarsa, balle in a bisa rufi yake.

Kowane itace da halinsa

Gawo yakan zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Wanda bai san shi ba sai ya ce ya mutu, ya hana gona taki da dabbobi abinci a banza. Kuka kuwa tsirara take kwana da rani, kogo kuma a jikinta ba baƙon abu ba ne. Amma jikinta mai taushi ne, cike da ruwa, in ruɓa ta kama gindinta tana iya zubewa gaba ɗaya.

Turare, wanda waɗansu ke kira zaiti, daga Ostareliya aka kawo shi. An san shi da sakin babban reshe da rana tsaka, lokacin zafi, ba iska ba hadari. Yana da amfani a gandu da bakin gona, amma ba itacen da za a kafa aji a gindinsa ba ne. Dogon yaro asalinsa daga wajen Indiya ne, yana jure fari, yana kuma tohowa da sauri in an sare shi. A nan ne matsalar take. In aka datse kansa gaba ɗaya, sababbin rassan da ke fitowa a bakin saran a jikin zoben waje kawai suke manne, saran kansa kuwa yana ruɓewa a ƙarƙashinsu. Bayan shekaru sun yi kauri sun yi nauyi, amma mazauninsu ruɓaɓɓe ne.

Maɗaci itace ne mai ƙarfi, masu neman sassaƙe ne ke kashe shi. In aka ɓare ɓawo aka zagaye jikin duka, an yanke hanyar abinci ke nan. Mangwaro kansa yana da nauyi ƙwarai, ga 'ya'ya a daidai lokacin iska. Tsamiya tana jinkirin girma, amma itacenta yana da tauri, tana kuwa jure iska.

In muka faɗi gaskiya, yawancin ciwon itatuwan gari mu ne sanadinsa. Mu ne ke tara shara a gindi mu cinna wuta. Mu ne ke ɗaura waya ko igiyar shanya mu manta har ta nutse cikin ɓawo, mu kafa ƙusa, mu zuba baƙin mai, mu malala siminti har jikin itace saiwa ta rasa ruwa da iska. Sa'an nan in ya faɗi mu ce iska ce.

In an ga alama, sai me?

Mataki na fari ba ya cin ko kwabo: a kawar da abin da ke ƙarƙashi. A matsar da benci, a sāke wa aji wuri, a kewaye gindin da igiya ko ƙaya, a gaya wa yara dalili. Sau da yawa wannan kaɗai yakan ba mu lokacin yin sauran a natse.

Na biyu, a sauke reshen da ya lalace, amma a sauke shi daidai. Yanka uku ake yi. A fara daga ƙasan reshe, kimanin santimita 30 daga jikin itace, a shiga kamar sulusin kaurinsa. Sa'an nan a yanka daga bisa, a ɗan gaba da na fari, har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi ke hana ɓawo ya yage ya bi jikin itace. A ƙarshe a cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuyan riga. A yanka daf da shi ta waje, kada a taɓa shi, gama daga nan ne itace ke rufe raunin. Kada a bar dogon dungu, kada kuma a shafe daidai da jiki. Zarto ya fi adda tsabtar yanka. Fenti ko kwalta ko baƙin mai ba su hana ruɓa, a bar wurin ya sha iska. Kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen ganye a shekara guda.

Na uku, mu san iyakarmu. Ba a aika ɗan makaranta ya hau itace da adda. Reshen da ya fi ƙarfin mutum yana tsaye a ƙasa, ko wanda ke bisa rufi, aikin gwani ne mai igiya. Wanda ke kusa da wayar lantarki, sai a sanar da ma'aikatan wuta, kada kowa ya taɓa. A nemi shawarar malamin daji na ƙaramar hukuma, gama a wurare da yawa doka ta ce sai da izini ake sare babban itace. Ran da za a kayar, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawon itacen.

Na huɗu, in saiwa ta lalace ko gindi ya ruɓe, ga kuma mutane kullum a wurin, sai a sare, ko da zuciya ba ta so. Amma wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu ko uku, nesa da gini da waya.

Ga doka guda kuma da za mu koya wa yara har su haddace: in hadari ya taso, a bar gindin itace, kome lafiyarsa. Ba reshe kaɗai ake gudu ba, har da tsawa, gama takan sauka a kan abu mai tsawo, ta bi jikinsa ta sami wanda ya fake a gindi. Ƙarar tsawa tana cin kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3. Duk wanda ke jin ta, tana iya kai masa. A shiga ginannen ɗaki, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fito. Jiƙewa ta fi makoki.

Nauyin yana wuyan wa?

A cikin Littafin Fitowa sura 21 akwai doka a kan san da ya soki mutum. In karo na fari ne, ba a kama mai san da laifin jini ba. Amma in an san sa ne mai suka, an kuma faɗakar da mai shi bai tsare shi ba, alhakin yana kansa. Mun ga wannan ya shafe mu. Kafin reshen nan ya faɗo muna iya cewa ba mu sani ba. Daga ranar kuwa an faɗakar da mu. Addu'ar neman tsari wajibi ce, amma Allah da muke roƙo shi ne ya ba mu idanu.

Domin kada a koma gidan jiya, inda kowa ya gani ba wanda ya faɗa, ikkilisiya ta sa mutum uku: dattijo ɗaya, mace ɗaya daga zumunta, da malami ɗaya. Aka ba kowane itace lamba a cikin littafi. Ana zagaye sau biyu a shekara, cikin Maris kafin hadarin fari, da kuma bayan ɗaukewar ruwa. In aka yi babbar iska, ana ƙara zagawa kashegari. Ana rubuta ranar, da abin da aka gani, da abin da aka yanke, da wanda zai yi. An kuma gaya wa yara da maigadi da masu shara, duk wanda ya ga wani abu ya faɗa wa ɗaya daga cikin ukun nan, ba za a ce ya cika surutu ba.

Kuna so ku ji yadda zagayenmu na fari ya ƙare? Itatuwa 11 muka duba. Tsohon dogon yaron nan gindinsa ya amsa da tauri, saiwarsa lafiya. Ruɓar tana can bisa ne, inda aka taɓa datse kansa shekarun baya. Aka sauke rassa biyu, aka matsar da benci, Baba ya sami itacensa.

Wanda ya ba mu mamaki shi ne mangwaron da ke gabas da aji huɗu, wanda ya fi duka kyan ganye da zaƙin 'ya'ya. Da aka share gindinsa sai ga ƙasa ta tsage. Ashe shekara uku da suka wuce, sa'ad da muka haƙa kwata, mu da kanmu muka datse manyan saiwoyinsa na gefen gabas, gefen da iskar hadari ke fitowa. Ba abin da ya rage ya riƙe shi in ta turo shi kan aji. Aka nemi izini aka sare shi, yara har da hawaye. Baba ya tsaya ya dubi kututturen ya ce, "Ashe wanda muke tsoro ba shi ba ne." Da ruwa ya zauna muka dasa tsamiya ɗaya da mangwaro biyu can bakin fili, kowane aji da nasa na ban ruwa.

Aikin wannan wata

Maigida da uwargida, ku ɗauki yara ran Asabar ku zaga itatuwan gidanku, ku yi musu tambayoyin nan uku. Malamai da dattawan ikkilisiya, ku sa wannan magana cikin taronku na gaba, ku ba wani aikin da sunansa. In kun ga alama a itacen kasuwa ko na bakin hanya, ku gaya wa mai unguwa, gama inuwa ba ta tambayar addinin mai zama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare 'ya'yanmu a fitarsu da shigarsu, ya sa mu zama amintattun masu riƙon abin da ya danƙa mana. Amin. Sai mun sadu a wata mai zuwa, in ya yarda.